Ranar da Na Wuce Kawu Yana Tura Keke

Kawu, yayan Inna, shi ya koya mini keke, kuma abin da ya fara koya mini sauka ce. Kwana uku cur yana riƙe da sirdi a wani fili bayan kasuwar Illo, in na hau bai bari na taka feda sau biyar ba sai ya ce in kama birki in dire. Ina ta ƙunƙuni, don sa'o'ina duk sun iya gudu har suna sakin hannu, ni kuwa ana ta saukar da ni kamar buhun gero. Da na gaji na tambaye shi dalili, sai ya ce wanda bai iya sauka ba bai kamata a ba shi keke ba, don hanya cike take da mutanen da ake sauka dominsu.

Ya lissafa mini su. Dattijon da ya girmi ubanka. Masu ɗauke da gawa. Garken shanu in yana tsallaka burtali, kuma ba a buga musu ƙararrawa. Na ƙarshe shi ya fi nanatawa: duk wanda ka tarar yana tura keke a daji, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ko Bahaushe ne ko Bafillace ko Dandawan ƙetare da ba ka jin yarensu, sai ka sauka ka ji abin da ya same shi. Wannan ba dokar Kawu ba ce shi kaɗai. Dokar 'yan keke ce, tun zamanin da su ne ke jigilar gishiri da garin rogo da busasshen kifi tsakanin kasuwanninmu da na Benin. Kowa yana tafe da famfo da faci da sifana a ƙulle ƙarƙashin sirdi, kuma an san rabin kayan nan ba don kansa yake ɗauke da su ba. Kawu ya yi wannan fataucin shekaru, sannan da gwiwa ta fara ba shi wuya ya zauna gyaran keke a gindin wata tsamiya, daga baya ya koma ƙauyensu can wajen iyaka ya kama noma.

Na taɓa ganin dokar da idona. Ya ɗauko ni a kariyar bayan keke, ga kwandon ɗanyen kifi daga gulbi za mu kai wa Inna, rana ta take. Muka tarar da wani Bafillace sarƙar kekensa ta tsinke. Kawu ya sauka, ya shimfiɗa kayan aikinsa, ya zauna a ƙasa kamar wanda ba shi da wurin zuwa. Kafin mu isa gida kifin ya fara wari. Inna ta yi ta faɗa, shi kuwa ya bar ta ta gama, sannan ya tambaye ta ko akwai fura.

Shekaru suka ja. Na yi karatu, na samu aiki a Abuja, na yi tumbi. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, sai wani abokin aikina ya shigar da ni cikin wasu mutane masu hawan keke ranar Asabar da safe. Kafin wata shida na zama abin da da can zan yi wa dariya. Na sayi keken tsere mai siririyar taya, wanda za ka ɗaga da yatsa biyu. Na sayi hular kwano, da baƙin tabarau, da wani matsattsen wando da ko a ɗaki ba na son in haɗu da madubi ina sanye da shi. Waya kuma tana manne a kan keken, tana auna mini nisa da gudu, in mun dawo kowa ya tura nasa a zaurenmu na waya a ga wanda ya fi.

Abin da 'yan zauren nan ke nema ruwa a jallo shi ne hanya mai shiru, wadda ba motoci ba hayaƙi, mai itatuwa. Ni kuwa na cika musu baki. Na ce abin da suke nema a garinmu yake kwance ba mai kula shi. Na ba su labarin tsohuwar hanyar 'yan keke da ta ratsa daji daga wajen iyaka zuwa Illo, wadda aka watsar tun da aka gyara babbar hanya. Na yi musu alkawarin in na je hutu zan auno musu ita, in turo hotuna. Wani a cikinsu, mai yawan surutu, ya ce da wannan tumbin ba zan iya gama ta a ƙasa da awa ɗaya ba. Abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda ya kamata.

Na zo gida Illo da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi tauri. A lokacin ba a fara tsoron dajin ba. Ranar farko da na fito tsakar gida cikin kayan keken, Inna ta dube ni sau ɗaya ta mai da kai ga tsintar shinkafarta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta faɗa wa iska in tsinta.

"Ashe tsadar yadi ta kai haka a birni," in ji ta.

Daga ranar na riƙa zura doguwar riga a sama, sai na fita gari in cire in ɗaure a kugu. Na kwana huɗu ina zagaye, ina gwada ƙafa, ban je gaida Kawu ba. Kullum sai in ce gobe. A rana ta huɗu Inna ta sake faɗa wa iska cewa wasu sun kwana huɗu a garin ga, ba su san hanyar ƙauye ba. Na ji, na ce a raina bari in gama da awon nan tukuna.

Da safiyar rana ta biyar na bi babbar hanya har kusa da iyaka, na karya na shiga bakin tsohuwar hanyar, na danna waya ta fara ƙirga. Ba zan yi ƙarya ba, hanyar ta fi yadda na kwatanta musu. Jar ƙasa ce mai tauri, nan da can ɗan yashi. Kaɗanya da ɗorawa da maɗaci sun haɗe kai a sama, inuwa ta rufe ta kusan duka. Ana jin kukan kurciya da hasbiya, zabin daji suna tashi daga ciyawa in na matso. Na wuce gonar dawa guda, na wuce wani rafi da ya fara ƙafewa, sawun shanu ya cika bakinsa. Ban haɗu da babur ko ɗaya ba. Ina ta murna da wannan shirun, ina shirya kalmomin da zan rubuta a kansa.

Na ci kusan rabin hanya, waya tana nuna mini ina gaban lokaci da ɗan kaɗan, sai na hango mutum can gaba yana tura keke. Hanyar a wurin gangara ce, irin wurin da ake cin lokaci. Tun daga nesa na ga tayar baya a kwance take. Da na ƙara matsowa na ga baƙin keke mai sanda, sirdinsa naɗe da fatar akuya, da wata gora ɗaure a kariya. Na ga yadda mutumin ke jan ƙafar hagu. Babu wani kokwanto, na gane shi tun da sauran tazara mai yawa, tazarar da ta ishe ni in kama birki sau goma.

Ya ji ƙarar taya, ya ja kekensa gefe, ya juyo ya ɗaga hannu ya yi sallama. Na sunkuyar da kai, na danna feda, na wuce shi. Ko sallamar ban amsa ba.

Na sha tambayar kaina abin da ya shiga kaina a wannan lokacin, kuma amsar ba ta da wani zurfi. Ban so ƙirgar ta tsaya ba. Na san in na sauka wa Kawu ba maganar minti biyu ba ce, sai an gaisa an tambayi mutanen Abuja ɗaya bayan ɗaya. Na kuma ji kunyar ya gan ni cikin wandon nan. Sai wata murya ta ce mini ai da hular kwano da tabarau ba zai gane ni ba. Kafin in kai ƙarshen gangarar na ƙera wa kaina hujjoji har uku: famfona na zamani ne ba zai shiga bawul ɗin tayarsa ba, wani zai biyo bayana ya taimake shi, kuma in na isa gida zan turo babur ya ɗauko shi.

Na shiga Illo da saura minti huɗu awa ta cika. Na tura a zauren, aka yi ta turo mini hannuwa masu tafi. Mai surutun nan ya ce ya sara mini. Na zura rigata, na shiga gida, na kai keken ɗakin ajiya na jingina shi bayan buhunan shinkafa, na rufa masa tabarma. Babur kuwa ban tura ba. In na tura, sai an tambaye ni yadda aka yi na san yana hanya. Na yi wanka na zauna a zaure ina latsa waya, ina sauraron kowane motsi a ƙofar gida. Shirun hanyar da nake taƙama da shi, a lokacin na tuna ma'anarsa: ba wanda zai biyo bayana.

Sai bayan azahar ya iso. Na ji sallamarsa da ƙarar tayar da ba iska tana jan ƙasa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafar hagun ta kumbura har igiyar takalmin ta nutse a ciki. Na tashi da sauri na karɓi keken, na durƙusa na gaishe shi, ina satar kallon fuskarsa. Ban ga komai ba sai gajiya da murna.

"Ma'aikaci! Ashe kana nan. Na ji an ce ka zo, nic ce tunda aiki ya riƙe ka bari ni in taho."

Haka yake kirana tun da na fara aiki. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Inna ta kawo ruwa da fura, ta kawo ruwan ɗumi a kwano don ƙafar. Ya sa na kwance gorar daga kariya. Zuma ce, daga amyarsa, ya ce ya ji 'yan birni ba su samun ta ƙwarai. Maƙwabta biyu suka shigo gaishe shi, liman na unguwa da wani wanzami wanda duk abin da idonsa ya gani sai bakinsa ya faɗa.

Inna ta tambaye shi abin da ya tsai da shi har rana ta yi haka.

"Ƙaya ta, 'yar ƙanƙanuwa. Na liƙe ta nan take. In buga iska, ashe famfon ya mutu, robar ciki ta tsage. Iska kawai nika nema."

"Ba wanda yab biyo hanyar, Yaya?"

"Mutum guda, bisa keke."

"Bai tsaya ba?"

"Shina sauri."

Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce mutum ya ga tsoho shina tura keke cikin daji ya wuce, wanga wane irin ɗa ne. Liman ya girgiza kai ya ce zamani. Inna ba ta gama ba.

"Uwar wanga ta yi asarar haihuwa," in ji ta.

Ina zaune a gefen tabarma, kofin ruwa a hannuna. Da safe Inna ta ga fitata, amma na ce mata wajen gulbi na nufa, don haka hankalinta bai kawo kaina ba. Kawu ya sha furarsa, ya goge baki, ya juyo gare ni da fara'a. Ya ce ban da gaisuwa akwai abin da ya taso shi. An ba shi labarin na zo da wani keke da ake ɗagawa da yatsa biyu, shi kuwa da ya yi shekaru yana kwance kekuna bai taɓa ganin irinsa ba, yana so ya gani kafin ya mutu.

Na ce ya ɗan samu matsala ne, na ajiye shi.

"Matsala? Ga ni zaune?"

Ba yadda zan yi. Na shiga na yaye tabarmar na fito da shi, jar ƙurar hanyar tana nan a jikinsa. Kawu ya karɓe shi da hannu biyu, ya ɗaga, ya yi dariya kamar yaro. Ya juya feda yana sauraron sarƙar. Ya shafa tayar da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Ya cire ɗan famfon da ke manne a jikin sandar, ya jujjuya shi, ya sa aka matso masa da nasa keken, ya kafa a bawul. Ya shiga daidai. Bugu kaɗan tayarsa ta tashi ta yi tauri.

Nan wanzami ya buɗe baki, ba da wata mugunta ba.

"Ai keken ga gudu garai! Da hantsi na gane shi ya hito ta tsohuwar hanya, ko ƙura ba ta cim mai."

Liman ya dubi ƙasa. Inna ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta yi ko sau ɗaya a shekara. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Kawu bai ɗago ba. Ya matsa hannun birki, ya saki, ya sake matsawa, ya kara kunne.

"To ga matsalar da yac ce," in ji shi. "Birki na. Wurin nan gangara ta, in birki ya ƙi kamawa mutum ba ya iya tsayawa ko uwatai yag gani. Ɗan da ni na koya ma sauka ba shi wuce mai tura keke haka nan. Ko ba haka ba, Ma'aikaci?"

Ya buɗe mini ƙofa, kuma ya rage gare ni in ƙi bi. Da na ce a'a Kawu, birki lafiya lau, ni ne na ƙi tsayawa, da an yi mini faɗa a gama a wurin. Na dubi liman, na dubi wanzami wanda na san kafin magariba labarin ya zaga unguwa.

"E, Kawu," na ce. "Birkin ne."

Wannan amsar ta fi wucewar da na yi ci mini rai har yau. A daji zan iya cewa gudu ya ɗebe ni. A tsakar gida kuwa a zaune nake, da hankalina.

Ya kwance ƙullin kayan aikinsa daga ƙarƙashin sirdi, ya shimfiɗa a tabarma, ƙafa ɗaya cikin kwanon ruwan ɗumi. Sifanunsa ba su dace da ƙusoshin kekena ba, sai na ɗauko masa nawa. Ya kwance, ya ɗaure, ya hura, ya goge, ya ɗauki lokaci mai tsawo yana yi a gaban kowa, yana yi wa liman bayanin yadda birkin zamani ke yaudarar mutum. Wanzami har da cewa Allah ya kiyaye, da na faɗa rafi. Inna ta miƙe. Ta kwashe kwanuka ta shiga madafa, kuma har na koma Abuja ba ta sake faɗa wa iska wata magana a kaina ba.

Ya kwana, kumburin ya ɗan sauka. Washegari da hantsi na yi masa rakiya. Na ce zan nemo babur a ɗora shi da keken, ya ce shi da keke ya zo da keke zai koma. Muka fita kowa yana tura nasa, ni cikin doguwar riga, har bakin tsohuwar hanyar inda gidaje suka ƙare. Na cire famfona na miƙa masa. Ya karɓa ba musu, ya soke a ƙullinsa.

Ya tsaya, ya nuna ƙasa da haɓa. Sawun jiya yana nan a kan yashi bai goge ba, siririn layi guda kamar an ja da tsinke, kusa da shi kuma faffaɗan sawun tayar da ba iska da sawun takalmi mai jan ƙafa.

"Jiya shi yar raka ni," in ji shi. "Tun daga gangara nika bin shi, ina roƙon Allah shi karkata wani wuri. Bai karkata ba har ƙohwar gidan ƙanwata."

Na ce, "Kawu..."

Ya ɗaga hannu, irin ɗagawar da ya yi mini a daji. Ya gyara hularsa, ya kama kan kekensa, ya ɗora ƙafar dama a feda.

"Birkinka lahiya lau yake, Ma'aikaci. Ban taɓa mai komi ba."

Ya tura sau biyu, ya haye da ƙyar, ya shiga inuwar itatuwan. Na tsaya riƙe da kekena ina kallon bayansa har hanya ta karya da shi, bai waiwayo ba.